Darasin Lafiya da Wasanni: Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

Darasin wannan wata a kan abinci da ƙarfin jiki ne. Zai yi bayanin abin da ke samun 'yan gudun dogon zango idan abincin da suke ci bai kai aikin da suke yi ba. Yau samari da 'yan mata da yawa suna sha'awar tsere. Ana yi a makarantu, ana yi a gasar ƙananan hukumomi. Wasu suna fata ya zame musu sana'a. Da yawansu sun ɗauka cewa mai rama shi ne mai gudu. Saboda haka sukan rage abinci, su ƙara atisaye. Wannan kuskure ya karya 'yan wasa masu yawa a duniya. A karanta darasin a hankali, sannan a amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

Mene ne gudun dogon zango?

Gudu iri biyu ne. Akwai gajere, kamar na mita 100, wanda ake gamawa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Akwai kuma dogo, kamar na kilomita 5, ko 10, ko 21. Wanda ya fi shahara shi ne gudun fanfalaki, wanda wasu ke kira gudun ya-da-ƙanin-wani. Tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195.

'Yan Afirka sun yi suna a wannan gudu. A shekarar 1960 Abebe Bikila na ƙasar Habasha ya ci gasar Olamfik a birnin Rum, kuma ba takalmi ya yi gudun. A shekarar 2022 Eliud Kipchoge na ƙasar Kenya ya gama fanfalaki a birnin Balin cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9. A Nijeriya, ƙasar Pankshin ta Jihar Filato ta fitar da 'yan gudu da dama. An kuma fara gasar fanfalaki ta birnin Legas a shekarar 2016.

Masu tseren keke na nesa da masu iyo na dogon zango duk aikinsu ɗaya ne da 'yan gudu. Dukkansu juriya suke bukata. Jikinsu yana aiki awa da awanni ba hutu.

Kuzari da ma'auninsa

Jiki ba ya motsi sai da kuzari. Daga abinci ake samun kuzari. Kamar yadda ake auna hatsi da mudu, haka ake auna kuzari da wani ma'auni da ake kira kalori.

Abinci mai ba da kuzari kashi uku ne. Na farko shi ne dangin hatsi da sukari, kamar gero, dawa, masara, shinkafa, rogo, dankali da zuma. Giram 1 na sinadarinsu yana ba da kalori 4. Na biyu shi ne mai da kitse, kamar man gyaɗa, man ja da man shanu. Giram 1 yana ba da kalori 9. Na uku shi ne abinci mai gina jiki, kamar wake, nama, kifi, ƙwai da nono. Giram 1 na sinadarinsa yana ba da kalori 4, amma babban aikinsa gina tsoka ne.

Ko mutum yana barci jikinsa yana cin kuzari. Zuciya tana bugawa, huhu yana numfashi, ƙwaƙwalwa tana aiki. Babban mutum mai aiki daidai misali yana bukatar kalori 2,000 zuwa 2,500 a rana.

Gudu yana ƙara wannan bukata sosai. Masana sun gano hanyar lissafi mai sauƙi. Kowane kilo na nauyin mutum yana cin kusan kalori 1 a kowace kilomita. Ke nan mai nauyin kilo 60 in ya yi gudun kilomita 20, ya ƙona kusan kalori 1,200. Masu tseren keke na ƙasar Faransa, waɗanda ke shafe mako 3 suna tuƙi fiye da kilomita 3,000, sukan ƙona kusan kalori 6,000 a rana.

Idan abin da aka ci bai kai abin da aka ƙona ba, an sami giɓi. Wannan shi ake kira giɓin kuzari.

Inda jiki ke ajiya

Jiki yana kama da gidan manomi. A gidan akwai garin da aka niƙa, yana ajiye a ɗaki, ana iya tuƙa shi nan take. Akwai hatsin da ke rumbu, wanda sai an sussuka an surfa an niƙa. Akwai kuma shanun huɗa, waɗanda ba don ci aka ajiye su ba.

Garin da ke ɗaki shi ne ajiyar sukari. Idan mutum ya ci tuwo, jiki yana mayar da shi sukari, ya ajiye wani a cikin tsoka da hanta. Sunan wannan ajiya gilaikojin. Ita ce jiki ya fi saurin amfani da ita. Amma ba ta da yawa. Ko ta cika maƙil, ba ta cika wuce kalori 2,000 ba.

Hatsin rumbu shi ne kitse. Yana da yawa, ko a jikin siriri. Sai dai jiki yana jinkiri wajen ƙona shi. Mai gudu da kitse kaɗai tilas ya rage sauri.

Shanun huɗa su ne tsoka. Da su ake aikin gudun kansa.

Yanzu a duba fanfalaki. Mai kilo 60 zai ƙona kusan kalori 2,500 kafin ya gama. Ajiyar sukarinsa ba ta kai haka ba. Shi ya sa 'yan gudu da yawa ke galabaita a wajen kilomita 30. Ƙafa takan yi nauyi, kai ya riƙa juyawa, gudu ya koma tafiya.

A shekarar 1967 masana a ƙasar Suwidin sun nuna wannan a fili. Sun sa mutane tuƙa keken gwaji har su gaji. Bayan kwanaki suna cin nama da kitse kusan zalla, sai suka gaji cikin kusan awa 1. Da suka ci abinci gauraye, sun kai kusan awa 2. Da suka ci abinci mai yawan sitaci da sukari, sun wuce awa 2 da rabi. Mutanen ba su canza ba. Abincin ne ya canza.

Yadda giɓi ke cin tsoka

Atisaye shi kaɗai ba ya gina tsoka. Lokacin gudu mai tsanani, zaruruwan tsoka sukan ɗan yayyage. Bayan an ci abinci an huta, sai jiki ya gyara su, su fi da ƙarfi. Ke nan ƙarfi yana zuwa ne daga abu uku a haɗe: atisaye, abinci da hutu. In an cire ɗaya, sauran biyun ba za su yi amfani ba.

Idan akwai giɓi, abu biyu ke faruwa. Na farko, jiki yana rage gyaran tsoka, domin gyara yana cin kuzari. Wani bincike da aka buga a shekarar 2014 ya nuna cewa kwana 5 kacal na giɓin kuzari sun rage aikin gina tsoka da kashi 27 cikin 100. Na biyu, jiki yana fara rushe tsoka da kansa. Ƙwaƙwalwa tana bukatar sukari dare da rana. Idan ajiyar hanta ta ƙare, sai jiki ya ɗebi sinadarin tsoka ya kai hanta, hanta ta mayar da shi sukari.

Wannan daidai yake da manomin da yunwa ta matsa masa, ya sayar da san huɗarsa ya sayi hatsi. Gidan zai ci abinci na ɗan lokaci. Amma in damina ta faɗi, ba abin da zai yi huɗa da shi.

Gwajin Minisota

An taɓa gwada wannan a kan mutane a ƙasar Amurka. A ƙarshen shekarar 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani masani mai suna Ancel Keys ya tara samari 36 masu lafiya a Jami'ar Minisota. Su ne suka yarda da kansu a yi gwajin da su. Manufar ita ce a san yadda za a ciyar da mutanen Turai da yaƙi ya jefa cikin yunwa.

Da farko ana ba su kusan kalori 3,200 a rana. Daga baya aka rage abincin kusan rabi, har tsawon mako 24. Duk da haka an sa kowannensu ya yi tafiyar kilomita 35 a mako.

Abin da ya biyo baya shi ne, sun rasa kusan kashi 1 cikin 4 na nauyinsu. Ba kitse kaɗai ya tafi ba, har da tsoka mai yawa. Bugun zuciyarsu ya ragu. Suna jin sanyi ko rana ta take. Hawa bene ya zama musu wahala. Sun zama masu saurin fushi, ba sa tunanin komai sai abinci. Kuzarin da jikinsu ke ƙonawa a lokacin hutu ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Wato jiki ya shiga tsimi.

Da aka dawo musu da abinci, ƙarfinsu bai dawo nan take ba. Ya ɗauki watanni. Kitse ne ya fara dawowa kafin tsoka. Wannan ya nuna cewa rasa tsoka yana da sauƙi, mayar da ita yana da wuya.

Giɓin 'yan tsere bai cika kaiwa na waɗannan samari ba. Amma hanyar ɗaya ce.

Jiki yana rufe wasu ayyuka

Idan kuɗi ya yi wa maigida ƙaranci, ciyarwa yake sawa a gaba. Gyaran katanga da ɗinkin sallah sai su jira. Haka jiki yake yi. Yana kare zuciya da ƙwaƙwalwa, ya rage wa sauran ayyuka.

*Al'adar mata.* Haila takan rikice, ko ta ɗauke ɗungurungum. Wata masaniya mai suna Anne Loucks ta Jami'ar Ohayo a Amurka ta nuna a shekarar 2003 cewa cikin kwana 5 na giɓi mai yawa, sinadaran da ke tafiyar da al'ada sukan fara rikicewa. Wasu masu horarwa suna ɗaukar ɗaukewar al'ada alamar ƙwazo. Ba haka ba ne. Alama ce ta yunwa.

*Maza.* Su ma sinadarin mazakutarsu yakan ragu, sha'awa ta yi ƙasa, ginin tsoka ya yi rauni.

*Ƙashi.* Ƙashi abu ne mai rai. Kullum ana rushe tsohonsa ana gina sabo. In ba kuzari, gini yakan tsaya. Sai ƙashi ya yi lako-lako, ya riƙa tsagewa a hankali saboda dukan ƙasa. An fi samun wannan a ƙwabri da tafin ƙafa da ƙugu. Haɗarin ya fi yawa ga matasa, domin mafi yawan ƙarfin ƙashi ana tara shi ne kafin mutum ya kai shekara 20.

*Jini.* Mai ƙarancin abinci yakan rasa sinadarin ƙarfe, wanda jini ke bukata don kai iska ga tsoka. Sai ya riƙa haki da wuri.

*Garkuwar jiki.* Mura da tari sukan yawaita. Rauni yakan daɗe bai warke ba.

A shekarar 1992 likitocin wasanni a Amurka sun lura cewa abu uku suna tafiya tare ga 'yan wasa mata: ƙarancin abinci, ɗaukewar al'ada da raunin ƙashi. A shekarar 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya faɗaɗa bayanin. Ya ce matsalar ta shafi maza da mata, kuma tana taɓa kusan dukkan sassan jiki. Ya sake sabunta bayaninsa a shekarun 2018 da 2023.

Shin rama tana ƙara gudu?

A nan tarkon yake. Gaskiya ne cewa mai ɗauke da kitse fiye da ƙima zai fi jin daɗin gudu in ya rage shi. Kuma a makonnin farko na rage abinci, ɗan tsere kan ji jikinsa sakayau, har saurinsa ya ɗan ƙaru. Sai ya ɗauka ya gano sirri, ya ƙara matse cikinsa. Bayan 'yan watanni sai abin ya juya. Tsoka ta ragu, ajiyar sukari ba ta cika, ciwo ya fara.

Wani bincike da aka buga a shekarar 2014 ya bi 'yan mata 10 masu gasar iyo har mako 12. Atisaye ɗaya suke yi. Waɗanda abincinsu ya wadata sun ƙara sauri da kusan kashi 8 cikin 100. Waɗanda giɓi ya taɓa al'adarsu sun ragu da kusan kashi 10 cikin 100.

Akwai kuma labarin Mary Cain ta ƙasar Amurka. A shekarar 2013, tana da shekara 17, ta kai zagayen ƙarshe na tseren mita 1,500 a gasar duniya da aka yi a Mosko. Kowa ya sa mata ido. A shekarar 2019 ta fito ta bayyana wa duniya cewa an riƙa matsa mata ta rage nauyi. Ta ce al'adarta ta ɗauke shekara 3, kuma ƙasusuwanta 5 sun karye. Maimakon ta ƙara sauri, sai gudunta ya koma baya.

Lissafin abin da ya rage wa jiki

Masana suna da hanyar gane ko abinci ya isa. Sukan ɗauki abin da aka ci, su cire abin da atisaye ya ƙona. Abin da ya rage shi ne rabon sauran jiki. Sai su raba shi da nauyin mutum ban da kitsensa.

Ga misali. Ɗan tsere yana da kilo 60. A ciki kilo 6 kitse ne, saura kilo 54. Ya ci kalori 2,500 a rana. Ya yi gudun kilomita 20, wato kalori 1,200. Abin da ya rage shi ne 1,300. In an raba 1,300 gida 54, za a sami kusan 24.

Bincike ya nuna cewa kusan 45 shi ne wadata. Ƙasa da 30 kuma wurin haɗari ne, ko da yake jikin wani ya fi na wani haƙuri. Ke nan wannan ɗan tsere yana cikin haɗari, alhali yana cin abin da zai ishi wani babban mutum. Kafin ya kai 45, yana bukatar kusan kalori 3,600. Giɓinsa ya kai kusan 1,100.

Cike wannan giɓi ba ya bukatar abincin kanti. Giram 100 na gyaɗa yana da fiye da kalori 550. Giram 100 na gero ko masara yana da kusan 350. Ƙarin fura da nono da rana, da gyaɗa cikin hannu biyu, da ƙarin malmalar tuwo da dare, za su rage giɓin ƙwarai.

Me ke kawo giɓi?

Dalilai uku ne. Na farko rashin sani. Gudu mai tsanani yakan kashe jin yunwa na ɗan lokaci. Mutum zai ci ya ƙoshi, amma bai biya bashin jikinsa ba. Wannan yana samun har manyan gwanaye. A shekarar 2004 an buga binciken abincin wasu fitattun 'yan gudun Kenya a sansaninsu na atisaye. Abincinsu tuwon masara ne da suke kira ugali, da ganye, da wake, da shinkafa, da shayi mai madara da sukari. Abinci ne mai kyau ga mai gudu. Duk da haka suna cin kusan kalori 3,000 a rana, suna ƙona kusan 3,600. Cikin mako guda nauyinsu ya ɗan ragu. Irin wannan giɓi na ɗan lokaci jiki yana iya ɗauka, in an biya shi lokacin hutu. Wanda ya daɗe wata da watanni shi ne mai ɓarna.

Na biyu rashin wadata. Yaro yana atisaye safe da yamma, amma gidansu sau biyu ake ɗora tukunya.

Na uku ganganci. Ɗan wasa ko mai horar da shi yana neman rama da ƙarfi da yaji. Wani lokaci abin yakan zama ciwo, har mutum ya riƙa tsoron abinci. Wannan yana bukatar likita.

Alamomin da za a lura da su

Hausawa sun ce jiki magayi. Ga abin da yake faɗa:

1. Gajiyar da barci ba ya kawar da ita.
2. Atisaye yana ƙaruwa, amma sauri yana raguwa.
3. Rama, ko yaro ya daina girma.
4. Ciwo a wuri ɗaya a kan ƙashi, wanda gudu ke tsananta shi.
5. Al'ada ta ɗauke wata 3, ko yarinya ta kai shekara 15 ba ta fara ba.
6. Yawan mura, jin sanyi, jiri da saurin fushi.

Wani yana cikin giɓi amma nauyinsa bai ragu ba, saboda jikinsa ya shiga tsimi. Don haka sikeli kaɗai ba ya isa shaida.

Waɗannan alamomi suna iya zuwa daga wasu dalilai, kamar zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, tarin fuka ko juna biyu. Wanda ya gan su ya je asibiti a duba shi. Kada ya tsaya shan ƙwayoyin ƙarin ƙarfi na kasuwa.

Abin da ya kamata a yi

Ranar da aka ƙara atisaye, a ƙara abinci. Hatsi shi ne ginshiƙi. Mai gudun awa 1 zuwa 3 a rana yana bukatar giram 6 zuwa 10 na sinadarin hatsi a kan kowane kilo na nauyinsa.

A riƙa cin abinci mai gina jiki a kowane zama. Ɗan wasa yana bukatar giram 1.2 zuwa 2 a kan kowane kilo. Mai kilo 60 ke nan yana bukatar giram 72 zuwa 120 a rana. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6. Wake, ƙuli-ƙuli, awara, nono, busasshen kifi da fara duk suna taimakawa.

Kada a fita dogon gudu da ciki wayam. Koko da ƙosai, ko kunun gyaɗa, awa 2 kafin a fita, sun wadatar. Bayan an dawo a ci wani abu cikin awa 1 ko 2. Fura da nono ta dace da wannan lokaci, domin ta haɗa hatsi da abin gina jiki da ruwa.

In gudu zai wuce awa 1 da rabi, a ci ɗan abin zaƙi a hanya, kamar dabino ko ayaba, a sha ruwa.

A ci ganye da kayan lambu, kamar zogale, kuka, alayyafo da rama. Nono da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu suna ƙarfafa ƙashi. Hanta da nama da wake suna ƙara jini.

A ware rana ɗaya a mako don hutu. A yi barci isasshe.

A watan azumi, a rage tsananin atisaye, ko a mayar da shi bayan buɗa-baki. Kada a bar sahur. Tsakanin magariba da asuba a yi ƙoƙarin cin abin da zai biya aikin yini.

Malamai da masu horarwa su daina yi wa yara gorin ƙiba. Iyaye mata su riƙa tambayar 'ya'yansu mata masu wasa game da al'adarsu. Gidan da ba shi da halin ƙara abinci, gara yaron ya rage atisaye har kaka ta yi.

Darasin ya shafi manomi

Jikin manomi da na ɗan tsere ɗaya ne. Noma da fartanya daga safe zuwa azahar aikin juriya ne. Kuma aikin gona ya fi yawa a tsakiyar damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Masu bincike da suka shafe shekaru suna auna mutanen ƙauyen Keneba a ƙasar Gambiya sun ga cewa manya sukan rame a damina, su murmure bayan girbi. Masu dako, da masu haƙar rijiya, da makiyaya masu doguwar tafiya, da mata masu daka da ɗibar ruwa duk abin yana iya samunsu. Mai ciki da mai shayarwa sun fi kowa bukatar ƙari.

Saboda haka maigida ya ware hatsin damina tun daga kaka, kada ya sayar da shi duka. A kai wa masu aiki abinci gona. Mai aikin ƙarfi ya karya kumallo kafin ya fita.

Sababbin kalmomi

Kalori: ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci.
Giɓin kuzari: idan abin da aka ci bai kai abin da aka ƙona ba.
Gilaikojin: sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta.
Fanfalaki: gudun kilomita 42 da mita 195.
Atisaye: motsa jiki a kai a kai don shirin wasa.

Tambayoyi

1. Faɗi kashi uku na abinci mai ba da kuzari, da misali biyu na kowanne.
2. Me ya sa 'yan fanfalaki da yawa ke galabaita a wajen kilomita 30?
3. Ta wace hanya giɓin kuzari ke rage tsoka?
4. Samari nawa aka yi gwajin Minisota da su, kuma me ya same su?
5. Rubuta alamomi huɗu na giɓin kuzari.

Aikin lissafi

1. Mai nauyin kilo 50 ya yi gudun kilomita 10. Kalori nawa ya ƙona?
2. Wata 'yar tsere ta ci kalori 2,200. Atisaye ya ƙona 800. Nawa ya rage wa jikinta?
3. In nauyinta ban da kitse kilo 40 ne, nawa kowane kilo ya samu? Ya kai 45?

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya rubuta abin da ya ci jiya da aikin da ya yi. A kawo wa malami a zama na gaba, a tattauna tare.